Yadda Na Sayo Makaɗan Jamus Da Kuɗin Adashi

Duk wanda ya taɓa kai waƙa sitidiyo a Kano ya san ɗacin abin da zan faɗa. Za ka zo da baitocin da ka hana idonka barci a kansu, ka rera wa mai kiɗa, shi kuwa yana kaɗa kai yana latsa waya, ya ce maka, "Na gane, Malam." Kafin ka gyara zama ya ɗora maka kiɗan da ya sayar wa duk wanda ya shigo ɗakin a makon, da sarewar nan ta Indiya tana shessheƙa a sama. Na taɓa kai waƙar ta'aziyyar wani dattijon unguwarmu, aka haɗo mini abin da 'yan mata za su cashe da shi a gidan biki. Da na yi ƙorafi sai ya ce ai haka kasuwa take so. Na ce masa marigayin ba kasuwa ya tafi ba.

Ni malamin firamare ne, waƙa kuwa ciwo ce da na daɗe ina jinyarta a ɓoye. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne na san asirin sana'ar ba a wani wuri mai nisa yake ba. Tun shekarun 1990 fiyanon Yamaha, jerin nan da ake kira PSR, ya zama gangar finafinan Hausa, kuma zuwa lokacin da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 kunnuwan jama'a sun riga sun saba da shi. Aikin da Shata yake tafe da ayarin masu kalangu dominsa, yau mutum ɗaya ne ke yin sa da akwati ɗaya, a ɗaki mai kafet a bango. To tunda akwati ne, kuma sayar da shi ake yi, me ya hana ni? Da kwasar adashin makaranta ta zagayo kaina, na ce wa uwargida a ɗan jinkirta maganar firji.

"Saboda me, Malam?"

"Jari zan zuba."

"Allah Ya sa ba irin jarin kajin nan ba ne," in ji ta. Wannan wani labari ne daban, kuma ba ni na kawo cutar ba.

Na fara neman shawara, na kuwa same ta fiye da buƙata. Mai kiɗan sitidiyo ya ce an wuce zamanin fiyano, in sayi laftof in sa FL Studio. Ni da ko sakamakon jarrabawar ɗalibai sai an shigar mini. Wani Alhaji mai fatauci zuwa Jidda ya rantse ba fiyano kamar na Larabawa, irin su PSR-A5000, mai maɓallan da ke fitar da sautin da ke tsakanin fari da baƙi. Na tambaye shi ko ya iya kaɗawa, ya ce a'a, a wani otal ya gani.

Wanda ya yi mini maganar hankali ɗan maƙwabcina ne, saurayi da ke kaɗa fiyano a wata coci a Sabon Gari. Shi ya fahimtar da ni cewa irin wanda nake nema ba fiyano ne kawai ba, ayarin makaɗa ne aka kulle a akwati: mai ganga, mai bes, mai jita, masu busa. Hannun hagu yana ba su umarni, hannun dama yana bin waƙar. Kowane salon kiɗa a ciki, wanda suke kira sitayil, yana da mabuɗinsa, da sauyi huɗu daga A zuwa D, kowanne ya fi na baya cika, sannan da marufinsa. Ya zayyano mini su tun daga ƙasa. Ƙananan, irin PSR-E473, tarak shida, wato layukan kiɗa shida, suke ɗauka, kuma in ka yi tuntuɓe a tsakiyar waƙa sai dai ka sake bugawa. Na tsakiya, SX700 da SX900 da suka fito a 2019, suna da tarak 16 da gilashin da ake shafawa da yatsa. Can sama akwai Genos, wanda ya ce ko a mafarki in na gan shi in gaishe shi in wuce. Kamfanin Korg ma yana da nasa, Pa700 da Pa1000.

"Kawu, abu uku za ka duba," in ji shi. "Na ɗaya, tarak 16. Na biyu, ya zama za ka iya shiga cikin abin da ka buga ka gyara sauti ɗaya ba tare da ka rushe sauran ba." Ya faɗi na ukun ma, na ga bakinsa yana motsi, amma a lokacin hankalina yana kan fostar da za a liƙa a Zoo Road mai ɗauke da hotona, na ɗan karkata hula.

A shagon farko na tambayi kuɗin SX900. Da mai shagon ya faɗa, na tambaye shi ko har da filin da shagon yake kai. Bai yi dariya ba. Ya nuna mini ƙaramin, wanda kuɗina zai kai, sabo fil a kwalinsa, na ce ni ba yaro ba ne, tarak 16 nake nema. Haka na yi ta shiga ina fita, har wani ya yafito ni daga wani lungu. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya jawo wani ƙaton abu mai launin azurfa, ya hure ƙura, ya ce, "Yallabai, ɗan Baljiyam ne. Wani tsohon Bature ne ya riƙe shi, bai ma cika taɓa shi ba." A kasuwar kayan gwanjo duk abin da za ka saya tsohon Bature ne ya riƙe shi, kuma bai cika taɓa shi ba. Ban san me tsofaffin Turai suke yi da lokacinsu ba.

Ya jona wuta, ya ɗora yatsu, sai shagon ya cika da kiɗan da ban taɓa jin irinsa ba. Goge yana kuka, ƙahoni suna amsawa, ganguna suna birgima. Na tsaya baki buɗe. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga hannu ɗaya ya amsa, kiɗa bai ragu ba. Wani yaro ya zo neman canji, ya ɗaga ɗaya hannun ma ya shiga lalube a aljihu, kiɗa ya ma ƙara daɗi. Na ce, "Malam, ai ka cire hannu." Ya ce, "Ka ga aikin da nake gaya maka ke nan." Daga baya na san akwai wani maɓalli da aka rubuta wa Demo, wanda ko akuya ce ta taka shi haka zai yi.

"Tarak nawa ne?"

"16 cif."

"Ana gyara a ciki?"

"Har abin da ba ka buga ba yana gyarawa."

Abu biyu cikin uku sun cika, kuma a makarantarmu wannan cin jarrabawa ne. Na ƙirga masa firjin uwargida, na tari adaidaita sahu.

Adaftar da ya haɗa ni da ita ba tasa ba ce, mai bolt 12 ce alhali shi 16 yake ci, don haka da bes ya buga da ƙarfi sai gilashin ya lumshe ido ya mutu. Na nemo ta gaskiya da kuɗin cefane. Daren da ta zo na jira gida ya yi tsit, wajen ƙarfe biyu, na lallaɓa falo na kunna. Rubutu ya bayyana a gilashi, kalmomi dogaye har suna neman faɗowa ta gefe. Jamusanci ne. Ashe tsohon Baturen gaskiya ne, sai dai ba Baljiyam ba, kuma ya taɓa shi ƙwarai. Wata 'yar fitila tana ƙiftawa a gefen hagu, ban san cewa tana nufin makaɗan sun ɗaura ɗamara suna jiran yatsana ba. Na ce bismillah na taɓa maɓalli ɗaya, a hankali, don kada in tashi yara.

Umfa! Umfa! Umfa-fa!

Wani ƙaton ƙaho ya fashe a falon, da akodiyon, da kuge, da murya a ƙure don tun a shago ba wanda ya rage ta. Na kai hannu in kashe, na danna B, suka ƙaro mutum biyu. Na danna C, suka ƙaro huɗu. Na danna D, duk ƙauyen ya fito. Na laluba wani maɓalli mai alamar ƙari, sai suka shiga gudu. Jariri ya tsala ihu a ɗaki, karen maƙwabta ya karɓa, wani a waje yana tambaya ko lafiya. Ina cikin addu'a da danne-danne sai komai ya ɗauke ɗif. Na waiwaya na ga uwargida tsaye da filogi a hannu, ɗankwali a karkace.

"Jarin ne ya fara kawo riba?"

Da asuba liman ya riƙe hannuna bayan sallama, ya ce cikin tausasawa, "Malam, jiya kamar mun ji 'yan sanda suna fareti a wajenku." Na ce rediyo ce ta kama wata tasha. Ya ce to a riƙa rage mata murya, ko don marasa lafiya.

Ɗan maƙwabcin nawa ya zo da yamma. Ya mayar da rubutun Turanci, ya zagaya fiyanon yana murmushi, ya ce ya girme shi ko kuma sa'anni ne. Tsohon ya liƙa wa maɓallan takardu masu haruffa, C, D, E har zuwa A, daga nan sai H, don Jamusawa haka suke kiran sautin da wasu ke ce wa B. Duk ma'ajiyar da ake adana saiti kuwa cike take da folka da wals, irin kiɗan da ake yi wa tsofaffi a wurin shan giya. Yaron ya ce injin lafiyarsa ƙalau, kuma a zamaninsa babba ne. Ya koya mini dabarar yatsa ɗaya, yadda za ka danna maɓalli guda a hagu makaɗan su cika sauran, in ka haɗa da baƙin da ke hagunsa su koma kiɗan jimami. Ya kuma nuna mini abin da ya faranta mini rai: yawancin karin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, kuma baƙaƙen maɓallan nan biyar-biyar aka jera su. Na bi su da yatsa, sai ga waƙata ta fito da kanta. Har na ɗan yi ƙwalla, na ce ƙurar fiyanon ce.

Matsalar ita ce makaɗan. Na bi sitayil ɗaya bayan ɗaya, akwai na Amurka, na Birazil, na Kuba, har na kaboyi, amma ba wanda ya san hanyar da kalangu ke bi. Sautukan ma haka. Akwai wani jeri na sauti 128 da masu ƙera waɗannan na'urori suka amince da shi a 1991, suna kiran sa General MIDI. A cikinsa an sami wurin sitar ta Indiya, da koto ta Japan, da kukan tsuntsu, da ƙarar tarho, da jirgi mai saukar ungulu, da harbin bindiga. Kalangu bai samu ba. Kotson Ɗanƙwairo bai samu ba, balle kuntigin Ɗan Maraya ko ƙwaryar Barmani Coge. Wato a taron da aka yi, an tuna da mai son jin helikwafta a tsakiyar waƙarsa, an manta da mu. Abin da ya fi kusa da gida shi ne shanai, wata abar busa ta Indiya mai muryar algaita. Sai muka ɗauki wata ganga mai hawa da sauka, muna murza ɗan tayan nan na gefen hagu da ke lanƙwasa sauti, don ta yi kamar ana matsa ta a hammata. In ka rufe ido, kuma kana da kyakkyawan zato, kalangu ne.

Ana haka aka sa ranar bikin ƙanwar uwargida, ni kuma na buɗe baki a gaban surukata na ce waƙar amarya tana wuyana. Hajiya ta ce, "Ashe Malam har da waƙa?" Uwargida ta dubi rufin ɗaki.

Na duƙufa. A nan ne na ga amfanin tarak 16 ɗin, gaskiya. Ganga a layinta, bes a nasa, algaita a nata, kowanne sai ka saurare shi shi kaɗai. In yatsa ya zame, sai ka shiga wani dogon jeri na lambobi, kowane layi sauti ɗaya ne da lokacinsa da ƙarfinsa da tsawonsa, ka nemo mai laifin ka canja shi. A ɗan gilashin nan, aikin daidai yake da tsince tsakuwa a shinkafa da fitilar ƙwai, amma yana yiwuwa, kuma ba mai ce maka haka kasuwa take so.

Sai na gano kwantayiz. Wannan maɓalli ne da ke jawo duk bugun da ya yi gaba ko ya yi baya ya ajiye shi daidai kan layi. Na ce ai wannan shi ne ladabtarwa, sana'ata ce. Na danna wa gangunan duka. Abin da ban lura ba, kiɗan da na buga tafiyar uku-uku yake yi, irin rangajin nan namu, ni kuwa na zaɓi ma'aunin huɗu-huɗu. Na kunna in ji, sai ga kalanguna ya sa takalmin soja. Duk lanƙwasar ta miƙe, duk yangar ta tafi, liman ya sake samun faretinsa. Yaron ya zo ya nuna mini ma'aunin da ke da ɗan lamba 3 a gefe, ya ce ko shi ma kada in ja shi har ƙarshe, in bar wa hannu ɗan kuskurensa, don a nan daɗin yake. Na sake bugawa tun daga farko.

Daren da na kammala, na jingina da kujera ina saurare, ina jin ni da Aminu Ala bambancinmu gari ne kawai na haihuwa. Ana baiti na ƙarshe masu wuta suka ɗauke. Da suka kawo na kunna, fiyanon ya gaishe ni kamar bai taɓa ganina ba. Ba ganga, ba algaita, ba amarya. Folkar tsohon kuwa tana nan daram, ko ƙwarzane babu.

"Kawu, ba ka adana ba?"

"A ina ake adanawa?"

Ya nuna mini wata 'yar tsaga a gaban fiyanon, wadda na ɗauka wurin shan iska ce. "Abu na ukun da na gaya maka ke nan. Na ce ka tabbata yana cin filashi." Wannan ba ya cin filashi. Faifan fulofi yake ci, ɗan murabba'in nan na roba mai ɗaukar megabayit 1.44, wanda kamfanin Sony ma ya daina yin sa tun 2011.

Na shiga gari neman fulofi. Yaran da ke sayar da kayan kwamfuta suka yi ta kiran juna su zo su ji. Wani ya ce ya taɓa ganin hotonsa a littafin makaranta. Wani ya miƙo mini faifan sidi, ya ce in yanke gefe. A ƙarshe wani dattijo mai buga takardun rantsuwa a bakin kotu ya buɗe tsohuwar durowa ya fito da su ɗaure da kyauro, ya dube ni da idon wanda ya ga ɗan garinsu a ƙasar waje. Ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce in dai riƙe su amana.

Na sake gina waƙar, na adana, fiyanon yana gurnani yana taunar faifan. Na kai sitidiyo ina taƙama, aka aro na'urar karanta fulofi, mai kiɗan nan ya buɗe a kwamfuta. Abin da ya fito daga sifika ya sa yaran ɗakin suka faɗi ƙasa. Algaitata ta koma kukan sauro, kalanguna ya zama wani yana dukan fiyano da gwiwar hannu. Ashe abin da ke cikin faifan ba sauti ba ne, umarni ne kawai: danna kaza, da ƙarfi kaza, a lokaci kaza. Shi ya sa waƙa sukutum take shiga ɗan wurin nan har da saura. Muryoyin suna cikin fiyanon a gida, kwamfutar kuwa ta karanta takardar ta ba wa nata makaɗan, kuma a ƙa'idarta layi na 10 kaɗai ne na ganguna, ni kuwa na zuba wasu a inda na ga dama. Mai kiɗan ya share hawaye ya ce mafita biyu ce. Ko in ɗauko akwatin kacokan a jona waya a naɗi sautinsa, ko in sa mai gyara ya cire macin fulofin ya sa wata 'yar na'ura da ake kira Gotek, mai yaudarar fiyano ya ɗauka filashi fulofi ne. Ta biyun ma ba ta mayar da umarni sauti, wahalar neman faifai kawai take ragewa.

Lokaci ya ƙure, don haka ranar dina na ɗauki akwatin kacokan zuwa wurin biki. Na adana kalanguna a maɓallin saiti na ɗaya, na gwada, komai lafiya. Mai gabatarwa ya kira ni da sunan da ban san ina da shi ba, wai fasihin zamani. Aka ce amarya ta iso bakin ƙofa. Na gyara babbar riga, na ɗauki makirufo, ban ga ɗan yayar amarya ba, wani ɗan shekara huɗu da ya rarrafo ta ƙarƙashin tebur yana neman abin dannawa. Ya sami lamba biyu.

Umfa! Umfa! Umfa-fa!

Amarya ta riga ta sako ƙafa, ƙawaye sun jeru a bayanta, mai bidiyo yana ja da baya. Ba halin tsayawa. Na runtse ido na ɗora baitocina a kan ƙahon Jamus, ina yabon asalin amarya da tarbiyyarta, akodiyon yana amsa mini. Ina jiran a zo a ƙwace makirufo, sai na ji guɗa. Na buɗe ido na ga wata gwaggon ango ta miƙe tana taka rawa da ɗan tsalle, wasu tsofaffi biyu sun bi ta, ƙawayen amarya sun kama. Hajiya surukata da kanta ta aiko yarinya da sabbin kuɗi a liƙa mini. Da na yi dabara na mayar da lamba ɗaya, kalanguna ya shigo da yangarsa, wadda na yi makonni ina gyara wa zama, sai filin ya watse, wata ta ɗaga murya daga baya ta ce, "Malam, a mayar mana da na ɗazu!"

Kai mai shirin shiga kasuwa, ka tafi da filashinka a aljihu. Ka sa mai shago ya koma gefe ya rungume hannu. Ka buga ɗan guntun kiɗa da kanka, ka gyara sauti ɗaya a ciki, ka adana, ka zare filogi, ka mayar, ka ga ko yana nan. Ka tambaya ko yana naɗar sauti na gaske zuwa filashi ba umarni kaɗai ba, ko yana karɓar ƙarin muryoyi don ka sa kalangu na ainihi, kuma ko adaftar tasa ce. Ka sayi abin sawa a kunne tun kafin ka isa gida.

Firji dai an saya, rabin kuɗin daga liƙin daren nan ya fito. An kuma kama ni biki biyu bayan Sallah, har an ba da kafin alƙalami. Duka gidajen biyu sun aiko da saƙo iri ɗaya: kiɗan nan mai umfa-umfa suke so, amma in da hali, ban da waƙar.